Ogbodo Mai Juya Layi

Akwai wani dillalin shanu da aka yi a Inugu kafin yaƙin basasa, sunansa Mijinyawa. Yana zaune a unguwar Coal Camp da matarsa Zuwaira da 'yarsu ta goye. Allah ya ba shi kasuwa, shi kuma ya ƙara wa kansa girman kai. In ka gaishe shi, da hanci yake amsawa.

A bayan gari akwai wata 'yar tashar jirgin ƙasa, ɗaki biyu da tankin ruwa da gajeren layi a gefe. Saboda kwal Turawa suka gina ta, amma da aka fara sauke shanun Arewa a wurin sai Hausawa suka sa mata Tashar Shanu.

Mai juya layi a tashar wani Ibo ne, Ogbodo. Shi ke jan ƙarfen da ke karkatar da jirgi zuwa layin gefe, shi ke ɗaga tuta. Ya yi shekara tara yana aiki a Kafanchan da iyalinsa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

Wata rana taragun Mijinyawa suka iso, aka ce masa wani bajimi ya faɗi a ciki, sauran na tattaka shi. Duk dillali ya san abin da ake gudu: in dabba ta mutu wuƙa ba ta kai wuyanta ba, ta zama mushe. Kuma ba mai iya kutsawa cikin taragon sai an kai shi wurin saukewa a layin gefe.

"Kai! Juya layin nan yanzu!" in ji Mijinyawa.

"Oga, ka yi haƙuri," in ji Ogbodo. "Jirgin fasinja na Fatakwal yana kan hanya. In na juya yanzu, mutane za su mutu."

Kafin jirgin fasinja ya wuce, bajimi ya cika. Mijinyawa ya zabga wa Ogbodo mari a gaban jama'a har hularsa ta faɗi.

"Kai da danginka kaf ba ku kai wutsiyar san nan ba!"

Ogbodo ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya koma bakin aikinsa. Wata bakwai Mijinyawa yana zuwa tashar yana wuce shi, ko kallo bai ishe shi ba.

Sai rikicin 1966 ya ɓarke. Aka yi ta kashe Ibo a garuruwan Arewa, jirage na isowa Inugu cike da masu rauni da gawawwaki. Ƙanen Ogbodo ma a nannaɗe cikin tabarma aka sauke shi. Gari ya ɗauki zafi, aka juya kan Hausawa.

Wata rana da hantsi aka shigo Coal Camp da adduna da galan-galan na fetur. A kan idon Mijinyawa aka sare maƙwabcinsa Falalu mahauci a ƙofar gida, aka cinna wa rumfarsa wuta. Ya finciki hannun Zuwaira, ita da goyonta, suka bi ta bayan gida ba ko takalmi.

An tare hanyar babbar tasha, don haka suka yanki daji zuwa Tashar Shanu. Suka tarar da wajen mutum arba'in a raɓe, wani kansa a fashe, wata tana kiran sunan ɗanta. Akwai jirgin da ya kwaso 'yan Arewa daga Fatakwal zai wuce da azahar, amma ba a ba shi umarnin tsayawa nan ba.

Can suka fara jin ihu daga cikin gonakin rogo, yana matsowa.

Mijinyawa ya ɗaga kai suka haɗa ido da Ogbodo. Mutumin da ya mara, wanda ya binne ƙanensa shekaranjiya, yau ran Zuwaira da na jaririya na hannunsa. In ma ya harɗe hannu ya tsaya kallo, ya gama da su.

Jirgi ya yi kuka daga nesa. Ogbodo ya fizgi jar tuta, ya dira tsakiyar layi ya tsaya yana kaɗa ta. Direba ya danna usur, Ogbodo bai gusa ba. Ƙarfe ya yi ta ƙara yana tartsatsi, jirgin ya tsaya saura ƙiris ya taka shi.

"Ku shiga! Mata tukuna! Oya, oya!" in ji Ogbodo.

Aka yi ta jefa yara ta taga. Mijinyawa ya tura Zuwaira ciki, ya maƙale a bakin ƙofa. Daidai nan masu adduna suka ɓullo.

"Ogbodo!" wani ya daka tsawa. "Dem kill your brother, you dey save dem?" Wato sun kashe ɗan'uwanka, kai kuma kana cetonsu?

Ogbodo ya buɗe hannuwa ya tare su, yana yi wa direba ihu ya ja. Sara na farko a kafaɗa ya same shi, ya durƙusa. Jirgi ya motsa. Abin da Mijinyawa ya gani na ƙarshe shi ne adduna na hawa suna sauka.

Yaƙi ya zo, bam ya tarwatsa tankin ruwa, aka rufe tashar. Ɓarayi suka kwashe kwanon rufi, ciyawa ta haɗiye layin gefe, awaki suka maida ofishin garkensu.

Bayan shekara tara fataucin shanu ya dawo, aka gyara tashar za a sake buɗewa. Mijinyawa ya biyo jirgin farko, gemu ya yi fari, girman kan nan duk ya zube. Abu ɗaya ya kawo shi: ko Allah ya sa Ogbodo ya rayu, ya roƙi gafararsa.

An sha fenti, ana kiɗa, manya na jawabi. Ya tambayi sababbin ma'aikata, ba wanda ya taɓa jin sunan Ogbodo. Sai wata tsohuwa mai sayar da ayaba a gefe ta ce da Hausa, "Wa ke neman maigidana?"

Ya durƙusa a gabanta. "Mama, ina cikin waɗanda ya ceta. Ni ne kuma na taɓa marinsa."

Ta dube shi. "Ashe kai ne. Ranar ya dawo gida kunci a kumbure, ya ƙi cin abinci."

"Yana ina?"

"A kan layin nan muka tattara shi, a cikin zanina."

Ya ce, "Don Allah, ya taɓa ce miki ya yafe mini?"

"Bai faɗa ba. Ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Wata bakwai kana wuce shi yana da rai, me ya hana ka tambaye shi?"

Mijinyawa ya zauna daɓas a ƙasa, dattijo guda yana kuka kamar yaro, ana can ana tafa wa masu jawabi.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum don aikinsa ƙarami ne ko don ba yarenku ɗaya ba, ba ka san a hannun wa Allah ya ajiye ranka ba. In kuma ka zalunci wani, ka nemi gafararsa yau, tun yana da bakin amsa maka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, wataƙila akwai mai wani Ogbodon da yake wucewa kullum.