Jimina da Ɗakin Kwano

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

Jimina ce ta je birni sau ɗaya tak, ta dawo daji tana yatsina. Wai ita da ɗakin ƙasa har abada. Ta saka ƙwai uku, ta ce a ɗakin kwano za ta ƙyanƙyashe su: bango kwano, rufi kwano, ga ƙatuwar taga tana kallon yamma.

Tsohuwa Gara, wadda ta gina kowane suri a dajin, ta ce, "'Yar nan, a ƙasarmu bango kauri yake so. Taga kuma ƙarama, can sama, zafi ya sami hanyar fita."

Jimina ta ce, "Inna, ke da ko ido ba ki da shi, me kika sani a kan taga?"

To, madalla. Sai rana ta take. Ɗakin ya ɗau zafi har inuwar Jimina ta tattara ta koma gindin tsamiya, ta bar ta ita kaɗai. Kafin azahar ƙwai ɗaya ya dahu. Sai ga Dila da ƙullin gishiri, wai ya zo jaje. Ya tafi da mamacin.

Washegari Jimina ta ce ai iska ce babu. Sai ta kira ungulaye huɗu su yi ta fifita da fukafukai. Iskar da suka kaɗa, ta maƙera ma ta fi ta sanyi. Ƙwai na biyu ya soyu. Sai ga Dila da yaji, har da hawayensa, munafuki.

Rana ta uku, tun da hantsi, ta hango shi tafe da albasa da man gyaɗa. Bai ma jira a yi rasuwar ba. Nan fa ta sunkuci ƙwan da ya rage, sai gidan Gara.

"Inna, na tuba. Shi kaɗai ya rage mini."

Gara ta ce, "Ajiye shi cikin surina. Ke kuma ga ƙasa, ga ciyawa, ga ruwa, shiga ki taka. Ƙafafun nan ba na yawon birni kaɗai ba ne."

Jimina ta yi ta taka laka tana haki. Aka bar ƙasar ta kwana bakwai, aka buga tubali, aka ta da bango mai kaurin kamu biyu, aka jera azara, aka huda taga 'yar mitsitsiya. Sai ga inuwarta ta lallaɓo ta dawo, ko gaisuwa babu.

Aka kawo ƙwan sabon ɗakin, a nan ya fashe. Ɗan tsakon ya yi miƙa, ya dubi ɗaki mai sanyi, ya ce, "Iya, ɗakin nan ya yi mini yawa. Ba ni da 'yan'uwa ne?"

Wallahi sai da Jimina ta ba ni tausayi. Can a bakin tsohon ɗakin kwano, Dila yana zaune yana sakace.

Ku dai in za ku yi gini, ku tambayi wanda ya riga ku sanin ranar garin.

Ƙurunƙus, na kwashe kayana.