Muryar Malam Tanimu

Ku gyara zama, wannan ba ta Gizo ba ce, ta zamaninmu ce.

Tun da Malam Tanimu mai gyaran keken ɗinki ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba abin da Inna Tasalla take kewa kamar muryarsa. Muryar tana nan cikin tsohuwar wayarsa, inda ya ɗauki kansa yana karatu, amma wayar ta mutu. In Inna ta idar da salla sai ta ɗauko ta, ta shafa, ta mayar ƙarƙashin filo. Rannan ta ce da 'ya'yanta uku, "Wanda ya jiyar da ni babanku, carbinsa nasa ne."

Mujittafa, babbansu, mai gyaran waya ne. Ya yi ta ƙona yatsu da dalma har ta farfaɗo. Ya ce, "Ba za ta jima ba, a kwashe yanzu."

Amma da an fara kwafe muryar zuwa katin memori, sai wayar ta ɗauke ɗif. Rufa'atu da ta karanci kwamfuta ta ce, "Inna, waya ma tana da cikin gida da zaure. Mai fito da kaya ne ke tuntuɓe, sai gidan duka ya faɗi." Ta jona ta da kwamfutarta, ta sauya mata umarni: in an yi tuntuɓe a tsaya, a faɗi inda aka yi shi. Wayar kuwa ta faɗi inda matsalar take. Cikin gida lafiya lau, katin da ake zubawa ne ya lalace.

Nan cajin kwamfutar ya ƙare, ga ba wuta, ga kasuwa da nisa, ga waya ta fara zafi. Auta Sha'awa ta zare nata katin. Cike yake da hotunan Malam, waɗanda ba wanda ke da su sai ita. Ta dube su, ta goge don muryar ta samu wuri, aka sa katin a wayar aka kwafe.

Murya ta fito. Malam ya kai aya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Uwar Auta, shayina fa?"

"Ga shi nan, Malam," in ji Inna, kafin ta tuna. Da ta share ido ta ce, "Auta, nuna min hotonsa in haɗa da muryar."

To, carbi ɗaya ne. Ku da kuke ji, a hannun wa ya kamata Inna ta sa shi?