Gugan Farko na Rijiyar Kwarin Taura

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma babu mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Kwarin Taura an yi wani dagaci mai suna Jatau. A shekara ta tara da naɗinsa rijiyar da kakanni suka bari ta ƙafe. Mata suka koma tafiyar rabin yini a kan tulu guda, gidaje huɗu suka ɗaure kaya suka tashi, sauran suka ce in bazara ta wuce a haka su ma sun tafi. Abin ya tsaya wa Jatau a rai, don ba ya son a ce a hannunsa garin ubansa ya watse. Ya tara maza aka fara haƙa a bayan gari, ya kuma tuna musu al'ada: wanda ya ba gari ruwa shi ke shan gugan farko, sunansa kuma rijiyar ke ɗauka. Mutum ɗaya ake ba, ba a taɓa rabawa ba.

A zurfin gaba bakwai ruwa ya tsattsafo, tare da wani dutse mai ƙyalli. Mutanen da ba su taɓa ganin azurfa ba sai a kunnen amare suka ce ai azurfa ce, wasu har sun aika gida a kawo turmin daka. Shi kansa Jatau, da girmansa da rawaninsa, sai da ya cika aljihu.

Sai ga Gwamma, wata tsohuwa da ta gaji sayar da kwalli daga uwarta. Ta ɗauki dutsen ɗaya ta jinjina, ta ji nauyinsa ya fi girmansa. Ta ƙwanƙwasa, ya fashe ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu. Ta goga a kan tsingaro, ya bar baƙin zane.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba azurfa ba ce. Dutsen kwalli ne, dalma ce a cikinsa. A gidanmu turmin da aka daka shi a ciki ba ya sake ganin hatsi.”

Jatau ya ce, “Iya, mutane ƙishirwa suke ji.”

Ta ce, “Na sani, ni ma ina ji.”

Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ramin ta zauna. Aka zage ta, aka kira ta mai baƙin ciki, jikokinta suka kasa fita kasuwa. Jatau ya kusa sa a cicciɓe ta, kunyar furfurarta ce ta hana shi. Kwana goma sha tara tana nan, har agwagin da ke wasa a laka da tsakuwar ramin suka fara tangaɗi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya zazzage aljihunsa a cikin ramin ya sa aka cike shi. Ba wanda ya yi mata godiya, don ta bar su da ƙishirwarsu.

Na biyu shi ne Barmo, mai sassaƙar dutsen niƙa, mutumin da ya fi hira da duwatsu a kan mutane. Ya ɗauki gorar ruwansa, rabonsa na sha, ya shiga daji yana ɗiga wa duwatsu. A kan falalen dutse mai ƙwayoyi fari da baƙi da ja-ja, ɗigon ya zauna har rana ta busar da shi. Barmo ya ce wannan ba ya sha, don haka ba shi da abin bayarwa. Kwana goma sha ɗaya yana yawo, sau ɗaya ma Fulani makiyaya ne suka tsinto shi a sume. A gindin tudun gabas ya sami dutsen yashi, mai hawa-hawa kamar zannuwa a cikin akwati, wanda in ka murza yake zubar da rairayi. Ya ɗiga masa ruwa, ya shanye nan take. Ya bi karkatar hawan nan taki-taki har inda ya nutse cikin ƙasa. Wurin ya faɗo tsakiyar gonarsa ta gado, ita ke nan gare shi, kuma ya san in aka yi rijiya dabbobi za su mayar da ita fili. Ba wanda ya gan shi, da ya so da ya yi shiru. Ya je ya gaya wa dagaci a haƙa nan.

Aka haƙa. A gaba tara aka ci karo da farin dutsen ƙanƙara, digogi suka dakushe, masu haƙa suka fito suna harar Barmo. A nan Nomau maƙeri ya sauka. Ya ja wuƙarsa a kan dutsen, ba ta yi masa komai ba. Ya ja dutsen a kan wuƙar, ya karce ta.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfe ba zai ci wannan ba. Sai wuta.”

Ya tara itacen ƙirya a ƙasan ramin ya hura, dutse ya yi zafi, aka kwara masa ruwan sanyi daga sama, ya tsattsage. To amma sai an shiga da guduma tun bai huce ba, kuma ramin cike yake da hayaƙi. Nomau yakan zura fitila, in ba ta mutu ba ya bi bayanta. Sau shida ya shiga. A na shida wani gutsuren dutse ya tashi ya same shi a idon hagu. Aka jawo shi da igiya jini na zuba, ƙafafunsa kuma jiƙe sharkaf da ruwa. Idon bai sake gani ba.

Ruwa ya zo garai-garai, Gwamma ta duba tsakuwarsa ta ce a sha. Gidajen da suka tashi suka fara dawowa.

Ranar buɗe rijiya, da hantsi, Jatau ya ja gugan farko da hannunsa. Ya juyo, ga su nan su uku a tsaye. Ya dubi Gwamma, ya tuna abin da ya cika aljihunsa da shi, ya san ba don ita ba da babu mai neman rijiya ta biyu, da kaburbura ake haƙa. Ya dubi Barmo, wanda jama'a ke tattake kunyoyin gonarsa a daidai lokacin. Ya dubi Nomau da ƙyalle ɗaure a rabin fuska. Murnar da ya kwana da ita ta koma masa nauyi. Gugan na ɗiga a kan takalminsa, gari na jiran suna ɗaya.

To, ga gugan nan na miƙo muku kafin ya tsiyaye. A cikin su ukun, wa za ku ba ya sha?