Igiyar Jirgi ba ta Ɗaure Rasor

Almustapha ɗan ƙanena ne. Ubansa masunci ne a Garu, shi kuma ya bar ruwa ya sayi tsohuwar mota yana jidar albasa zuwa kasuwar Malanbil. Ba shi da lalaci, ba shi sata. Aibinsa ɗaya, bai taɓa cewa "ban iya ba". Kuma tun yana yaro yake alfahari da ƙullin igiyarsa, wai jirgin da ya ɗaure bai taɓa bin ruwa ba.

Wata rana ƙafar motar ta gaba ta fara buga ƙasa. Ya kai ta wurin Kadiri bakanike. Kadiri ya ce amartisar ce ta mutu, ƙarfen nan mai hana mota tsalle. Ya ce kafin a canza ta sai an matse rasor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke kewaye da ita, kuma akwai ƙarafan da aka yi domin wannan aiki, amma nasa an ara an tafi da su garin Gene. Ya ce ya jira gobe.

Almustapha bai jira ba, don albasar mutane na tare a Garu. Ya sayi sabuwar amartisar ya dawo gida. Ina zaune tsakar gida ina tsintar shinkafa, matarsa Munawwara tana wanki.

Ya ɗauko igiyar jirgin ubansa. Nauyin mota na danne da rasor ɗin, sai ya zura hannu ya ɗaure shi ta gefe biyu. Sannan ya ɗaga motar da kirik, ya kwance ƙafar duka, ya kawo ta kan tabarma ya tsayar da ita tsakanin gwiwoyinsa.

Na ce, "Kai Almu, mi Kadiri yac ce maka?"

Ya ce, "Gwaggo, Kadiri mutumen tudu ne. Mi ya sani ga igiya?"

Na ce, "Ni ban san mota ba. Amma abin da ke ɗaukar buhunan albasa bai gaji ba, ba a aza fuska bisa kansa."

Ya yi dariya. Ya ce, "Ke dai tsinci shinkafarki, kar mu ci tsakuwa."

Ya kama kwance noti na sama, wanda ke danne da rasor ɗin. Duk juyin da ya yi, igiyar sai ta yi ƙara. Na ajiye faifai. Na ce wa Munawwara ta tashi daga inda take ta koma bayan ɗaki. Ta dube shi, ta dube ni, ta tashi.

Notin ya fita. Rasor bai motsa ba. Almustapha ya ɗaga notin yana nuna mini.

Ya ce, "To Gwaggo, ina mutuwar?"

Bai rufe baki ba igiyar gefe ɗaya ta sulale. Jirgi itace ne, igiya tana cizonsa. Wannan ƙarfe ne mai santsi da maiƙo, kuma a murɗe yake. Igiyar ta zame ta nufi 'yar'uwarta, rasor ya lanƙwashe kamar baka. Almustapha ya kai hannun dama don ya maida ta, sai ta matse masa yatsu biyu jikin ƙarfen.

Dariya ta ƙare. Ya ja hannu, ya ƙi fita. Zufa ta karyo masa.

Ya ce a hankali, "Gwaggo, a kira min Kadiri."

Munawwara ta fito da gudu da wuƙa a hannu. Ya daka mata tsawa, "Kar ki yanke! Koma!" Ta jefar da wuƙar ta ɗauki wayarsa tana neman lambar Kadiri.

Na ce, "Kwantar da shi ƙasa. Kauda kansa daga fuskarka."

Ya ce, "In na motsa, shina tashi."

Ina kallon igiyar, zarenta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya yi salati. Ya fara karkata abin a hankali, yana kauda kai. Bai gama ba ta tsinke.

Ƙarar ta yi kamar bindiga. Rasor ya goge shi a muƙamuƙi, ya wuce ya farfasa bahon wankin da Munawwara ta bari. Almustapha ya faɗi. Da maƙwabta suka ɗaga shi, bakinsa jini, yatsun nan biyu fata ce kawai ke riƙe da su.

A bayan babur aka kai shi asibiti. Ya rayu, amma likita ya cire yatsun, muƙamuƙin kuma aka ɗaure shi da waya, kunu kaɗai yake sha da kara har damina ta faɗi. Washegarin hatsarin Kadiri ya zo da ƙarafansa. Ya kwantar da ƙafar ƙasa, ya juya kanta wajen bango, ya matse, ya canza. Ban ƙare tuƙa tuwo ba ya gama. Yanzu wani ke tuƙa motar, Almustapha na zaune gefe, hannunsa cikin aljihu.

Ku masu gyaran mota a gida, ku ji. Iyawarka a wani aiki ba ta bin ka zuwa wani aikin. Rasor ba a ɗaure shi da igiya ko waya ko roba, sai da ƙarfen da aka yi dominsa, kuma ba a tsayawa gaban bakinsa. In babu kayan aiki, a jira. In mai sana'a ya ce gobe, to gobe. Albasa in ta ruɓe ana shuka wata, yatsa ba ya tsirowa.