Ranar da Ruwa Ya Faɗi a Filin Langa

Ku gyara zama ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni sai na dire. Maganar nan ta daɗe tana yawo a bakin mutane a karkace, kuma akwai haƙƙin da har yau ba a mayar wa mai shi ba.

A garin Rafin Ƙirya akwai wani fili a bayan makarantar firamare inda ake langa tun zamanin kakanni. Mai kula da shi wani dattijo ne, Baba Nomau, wanda ya yi langa har gwiwarsa ta ƙi, ya koma alƙalanci da shela har muryarsa ta dushe. Ya gaji. Kowace shekara bayan girbi shi ke share filin, shi ke bin samari gida-gida yana roƙo su fito, 'yan kallo kuwa sai raguwa suke yi, har ta kai awaki sun fi mutane yawa a bakin fili.

Ana nan sai Kansila Bawale ya kawo shawarar a mayar da filin tashar mota. Baba Nomau ya ja ƙafa ya same shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, filin nan na langa ne."

Kansila ya yi dariya ya ce, "Haba Baba! Wa ke kallon ƙarti suna tsalle da ƙafa ɗaya kamar zakaran da ya taka garwashi? Nuna mini 'yan kallo a wasan bana in bar muku. In babu, motoci za su shigo."

Ga wanda bai san langa ba, kuma abin kunya ne a ce akwai shi a cikinku, ga yadda take. Kowane ɗan wasa yana riƙe ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, sauran su ne dawakai masu kare shi. In ruwa ya ratsa abokan karawa ya kai inda aka shata, sai a ce ya sha, an ci ke nan. In an kayar da shi, wannan zagayen ya mutu, sai a sake sabo. A Rafin Ƙirya sun ƙara nasu sharuɗɗa biyu: ana ɓoye ruwa, alƙali kaɗai ake raɗa wa ko wane ne, sannan muddin ana wasa ba mai taka cikin fili da ƙafa biyu.

Mutum uku ne suka zo wa Baba Nomau da shawarar a haska wasan kai tsaye ta waya, mutanen nesa su gani: Kallamu mai gyaran waya, da Malama Hansatu mai koyar da 'yan aji ɗaya, da Barau, gwanin ruwa na garin. Tsohon ya dube su ya ce, "Ku yi. Ni dai ba ni da sauran dabara."

Gwajin farko bai yi kyau ba. Kallamu ya ɗora waya a kan katangar makaranta, 'yan wasa suka fito kamar tururuwa. Baba Nomau ya riƙe lasifika yana shela yadda ya saba: "Ruwa ya taso! Ruwa ya faɗi!" Sai wani mai kallo daga Fatakwal ya rubuto, "Allah ya sa mai albarka ne, amma ni ban ga hadari ba." Wani ya ce, "Ruwan me, ga rana tsaka?" Ɗaya bayan ɗaya suka watse. Da aka karanta wa tsohon, bai yi fushi ba. Ya ajiye lasifikar a ƙasa kawai, ya tafi gida.

To ga abin da kowannensu ya yi kafin babban wasan bana da mutanen garin Dutsen Kanya.

Kallamu ya ce sai waya ta shiga tsakiyar 'yan wasa kafin baƙo ya ji abin a jikinsa. Baba Nomau ya ce ko wane ne ba zai taka fili da ƙafa biyu ba. Kallamu mutum ne mai jiki, bai taɓa langa ba tun yana yaro, amma bai yi gardama ba. Ya koma shagonsa yana koyon tsalle, masu kawo gyara suna tsaye suna dariya. Ranar wasa ya kama ƙafarsa da hagu, waya a dama, ya faɗa cikin dawakai. Masu kallo suka ga gumi, suka ji haki, suka ga yadda kafaɗa ke haɗuwa da kafaɗa. In ƙafar ta kuɓuce masa sai ya fita, ya sake shigowa a zagaye na gaba, kamar kowa. Idon sawunsa ya kumbura a ranar, kuma har yanzu yana ɗingishi.

Malama Hansatu ita kaɗai ta zauna ta karanta duk abin da masu kallo suka rubuto, wanda sauran suka ɗauka izgili ne. Ta gane ba raini ba ne, rashin sani ne. Ta roƙi lasifikar. Mace ba ta taɓa shelar langa a garin ba, dangin mijinta kuma sun yi ta gunaguni, har wasu suka daina amsa gaisuwarta. Ta karɓa duk da haka. Ta ce, "Ɗan'uwa na Fatakwal, ajiye lemarka. Ruwanmu mutum ne, ƙafa ɗaya gare shi." Duk wanda ya shigo sabo sai ta maimaita masa ƙa'ida daga farko, ba ƙosawa, tana kiran sunansa. Ta kuma gabatar musu da 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. "Wancan dogon mahauci ne," in ji ta, "wanda ya nufa kuwa yayan matarsa ne. Yau kaɗai zai ture shi ba a yi zaman sulhu ba." Mutanen da da can suke leƙowa su wuce, sai suka zauna.

Barau kuwa sunansa duka a kan ɓuya ya ginu. Yakan saje da dawakai, abokan karawa na can suna bin wani, sai dai su ji an ce ya sha. Ba a taɓa kayar da shi ba. Amma abin da abokin karawa bai gani ba, mai kallo ma bai gani ba, kuma Malama ba ta iya nuna mutumin da aka ɓoye. Sai Barau ya ce zai ɗaura jan ƙyalle a kai. Dawakansa suka ce ya haukace. Mutanen Dutsen Kanya suka ƙi bayyana nasu ruwan, kuma ba wanda ya isa ya tilasta musu. Barau ya ɗaura. Ana farawa suka yo kansa gaba ɗaya, suka maka shi da ƙasa a gaban duniya. Bakin Baba Nomau ya suɓuce ya ce, "Ruwa ya faɗi." Wannan karon kowa ya gane. Saƙonni suka yi ta zubowa, har mutumin Fatakwal ya rubuto, "Tashi, ruwanmu!" Barau ya tashi da gurɗaɗɗiyar kafaɗa, a zagayen ƙarshe ya ratsa su ya sha. Amma a jimla Rafin Ƙirya ta sha kaye, sunan nan na wanda ba a taɓa kayarwa ba kuma ya tafi ke nan.

Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. 'Yan garin da ke ci-rani suka dami Kansila da kira. Wasan da ya biyo baya, fili ya cika har kan katanga. Aka janye maganar tasha.

Sai ga abin takaicin. Wata safiya Baba Nomau ya zo shara ya tarar an kafa allo, an rubuta da manyan baƙaƙe: Filin Langa na Kansila Bawale. Mutumin da ya so ya zuba wa filin kwalta! Wannan ba kuskure ba ne, ƙwace ne, kuma dole a kira shi da sunansa. Dattawa suka taka suka same shi. Da ya ga ba mafita sai ya ce a shafe, amma da sharaɗi: suna ɗaya za a rubuta, daga bakin Baba Nomau, kafin kasuwa mai zuwa. In ba a daidaita ba, nasa zai koma. Aka ce a sa Kallamu da Hansatu da Barau duka, ya ƙi, don jira yake a kasa daidaitawa. Aka ce to a sa na Baba Nomau, tsohon ya girgiza kai ya ce, "Ni da na kori 'yan kallo da bakina?"

Yanzu haka allon na nan fari fat, mai fenti yana jira. Baba Nomau yana zaune a gindinsa da tsintsiya a hannu, yana juya abin. Ba don Kallamu ba, da ba a ga komai ba. Ba don Hansatu ba, da an gani ba a gane ba. Ba don Barau ba, da an gane amma ba wanda ya damu. Ɗaya ya ba da ƙafarsa, ɗaya ta jure maganar dangi, ɗaya ya zubar da sunan da ya kwashe ƙuruciyarsa yana ginawa.

Kasuwa ta kusa, kuma in kuka yi shiru sunan Kansila ne zai koma. To, ku faɗa mini, kowa da hujjarsa: tsakanin Kallamu da Hansatu da Barau, sunan wa ya kamata Baba Nomau ya ba mai fenti?