Jitar Barau da Kunnen Kulu

To, ku gyara zama. Kai Mamuda, ajiye wayar nan a aljihu, don wannan labarin sai kun yanke masa hukunci za mu tashi, kuma na san halinka, ba ka ji ba za ka fi kowa gardama.

A Ƙaura Namoda an yi wani mutum ana kiransa Barau Mai-jita. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, amma da kiɗa aka san shi. Jitarsa irin ta lantarki ce, wadda in ba a jona ta da akwatin ƙara sauti ba, ƙararta ba ta fi kukan sauro ba. Akwatinsa na asali mai kwalabe ne a ciki, irin na rediyon da, waɗanda sai sun ɗau zafi sun yi ja kafin su yi magana. Wata damina rufin ɗaki ya yi yoyo a kansa, ya mutu murus.

Matarsa Kulu kuwa, shekara arba'in da biyu suna tare, sai kunnenta ya fara tafiya. Likita ya duba ya ce abin ba ya dawowa, nan da 'yan watanni ko ganga aka buga a gefenta sai dai ta gani da ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba. Abu guda ta roƙa. Akwai wani kiɗa da Barau ya tsara mata tun yana nemanta, ta ce tana son ta ƙara jin sa kafin kunnen ya rufe. Barau ya aro akwatin zamani wurin masu kiɗan biki. Ana kunnawa ta toshe kunnuwa ta ce wannan tsiwa ce kawai, ba ita ce muryar da ta sani ba. Abin ya dami tsohon ƙwarai. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce musu duk wanda ya mayar wa uwarsu da wannan murya, jitar tasa ce, ba sai an jira rabon gado ba.

Babbansu Sallau mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, mutum ne da ba ya zubar da komai, matarsa ta sha kuka da tarkacensa. Ya zazzage buhunansa ya fito da kwalabe huɗu masu rai daga matattun rediyoyi. Ya lanƙwasa farantin ƙarfe ya huhhuda shi, ya dasa kwalaben a kai, ya naɗa wayar taransifoma mai daidaita ƙarfin wuta da hannunsa, zagaye bayan zagaye, har yatsunsa suka yi kanta. Mako biyar yana fama da dalma da hayaƙi, abokan ciniki suna zuwa suna komawa da rediyonsu. A garin nan kaf babu mai iya wannan sai shi, wannan kam ko maƙiyinsa ya sani. Ranar da ya kunna, kwalabe suka yi ja, lasifika ta buɗe baki. Amma me? Wani ƙugi ne ya cika shagon kamar an rufe ƙudan zuma a tukunya. A ƙarƙashin ƙugin kuma sai ga muryar mai sanarwa na wani gidan rediyo, tiryan-tiryan, yana karanta sunayen waɗanda suka rasu. Akwatin da aka gina daga rediyo ya ƙi mance sana'ar gidansu.

Sallau ya san ciwon. Wayar da ke ɗauko sautin jita zuwa kwalbar farko tsirara take, duk abin da ke yawo a iska sai ta kwaso. Maganinta waya mai riga, wato wadda aka lulluɓe da saƙar jan ƙarfe. Ya sayo a kasuwa har kashi uku, kowacce ya yanka sai ya tarar da silli huɗu ko biyar suna kallonsa, rigar ba ta rufe komai ba.

Nan ƙanwarsa Tabawa ta shigo. Ita mai kitso ce, ba ta san lantarki ba ko na anini, in fitila ta mutu a ɗakinta sai ta jira wani. Ta kawo masa abincin rana ta same shi ya yi tagumi, a gabansa wani guntun tsohuwar waya daga akwatin da ruwa ya ci. Ta ɗauka ta jujjuya ta ce, “Yaya, ai wannan kitso ne. Silli nawa kake so?” Ya yi mata dariya, ita ko a jikinta. Ta sa ya fere mata tsofaffin wayoyi, ta zare sillayen jan ƙarfe masu siriri kamar gashi, ta ɗaure wayar a ƙafar kujera ta zauna. Kwana shida tana kitsa wa waya riga, silli goma sha shida a hannu, ba ta bar kafar da allura za ta shiga ba. Ƙarfen ya yayyanka mata yatsu, har ta mayar da amare biyu da suka zo kitso. Sallau ya liƙe wutsiyar rigar da jikin farantin, ta gefe guda kawai, don in ka haɗa duka biyun ƙugin dawowa yake yi. Suka kunna. Shiru, sai ka ce ba a kunna ba. Mai sanarwa ya koma gidansu.

Aka ɗauko akwati aka kawo gida ranar wata Juma'a bayan la'asar. An share tsakar gida an yayyafa ruwa a siminti. Barau ya fito daga alwala, ƙafa ba takalmi, ya zauna a kujera ya miƙa hannu a ba shi jita.

A daidai nan autansu Jatau ya faɗo gidan, jakar aiki a kafaɗa. Shi mai haɗa wutar gidaje ne, kuma a gidan ana yi masa kallon mai tsoro, don ko tocila zai taɓa sai ya gwada ta. Bai sa hannu a aikin ba ko sau ɗaya. Ya dubi ƙafar uban a jiƙaƙƙen siminti, ya dubi akwatin, ya ce, “Baba, dakata tukuna.” Ya zaro sukundireban gwaji ya ɗora a kan tsirkiyar jita. Fitilar cikinsa ta kama jawur. Ya kashe makunnin akwatin ya sake ɗorawa, ta sake kamawa.

Kun ga inda Sallau ya yi kuskure, kuma kuskure ne irin na masu rediyo. Ya haɗa wutar yadda ya saba gani a rediyon da, inda jikin farantin kansa ke ɗauke da wuta, makunni kuma yana kan wayar da ba ta cizo. A rediyo ba komai, katako ya rufe ƙarfen, ba mai taɓawa. Jita kuwa ƙarfe ne a hannun mutum, kuma rigar nan da Tabawa ta kitsa, mai kyau ɗin, ita ce ta ɗauko wutar daga faranti ta kai ta har kan tsirkiya. Sallau ya zauna a ƙasa, gumi ya karyo masa. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro.

Jatau bai yi masa gori ba. Ya kwance akwatin nan take, ya raba wuta da farantin, ya mayar da makunnin kan waya mai cizo. Ya ƙara na biyu a gefensa, ya ce na farko a kunna kwalabe su ɗumama, sai an ƙirga talatin a kunna na biyu babbar wuta ta shiga, in ba haka ba kwalaben Yaya ba za su ga wata sallar ba. Sannan ya haƙa rami kusa da randa inda ƙasa ba ta bushewa, ya kafa sandan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya jawo waya daga nan zuwa jikin farantin. Duka aikin bai kai awa biyu ba. Ya sake gwadawa, fitila ta ƙi kamawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin da kansa, sannan ya miƙa wa ubansa jita tare da silifas.

Rana ta yi sanyi lokacin da Barau ya kunna na farko. Gidan duka aka ƙirga talatin da baki, ya kunna na biyu, ya taɓa tsirkiya. Wata murya ta fito mai kauri, mai taushi. An ajiye wa Kulu tabarma dab da akwatin. Da fari ta karkata kai kawai. Can sai ta ɗora hannu a kan katakon, bakinta ya fara motsi, ta kama bin kiɗan da waƙa, ba ta ɓata ko gaɓa ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ta ce, “Malam, a nan kullum kake sauri. Sake.” Ya sake. Ni da nake ba ku labarin nan ina daga zaure a ranar, kuma ban ji kunyar share hawaye ba, don daɗi ne ya kawo su.

Wata huɗu yana yi mata kiɗan nan kowace yamma kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya. Ko bayan nan ba su daina ba, takan ɗora hannu a kan akwatin ta ce tana jin sa a tafinta.

Saura alkawari. Jita guda ce, 'ya'ya uku. Ba don Sallau ba, da babu akwatin da za a yi magana a kansa. Ba don Tabawa ba, da abin da Kulu za ta ji na ƙarshe a duniya sanarwar rasuwa ce da ƙugi. Ba don Jatau ba, da ranar nan ba kiɗa za a yi a gidan ba, zaman makoki za a yi, sunan Barau ne mai sanarwa zai karanta. Har yau jitar tana rataye a ƙusa, tsohon ya kasa zaɓar wanda zai ba.

To, Mamuda, na ga bakinka yana motsi tun ɗazu, da kai za a fara. In kai ne Barau, a hannun wa za ka sa jitar nan?