Tukuicin Alƙali Hambali

An yi wani sarki a birnin Gwarzama, ana ce da shi Nomau, wanda bai gaji sarauta daga uba ko kaka ba, domin mutanen ƙasar sun sha wuya a hannun 'ya'yan sarakuna tun zamanin kakanninsu, har suka yi ittifaƙi cewa ba za a sake haifa musu sarki ba, su za su riƙa zaɓen abinsu. Ƙa'idarsu ita ce, duk shekara bakwai Alƙalin Alƙalai ya sa a kafa bukka a bakin kasuwa, a jera tuluna a ciki, kowane mai neman sarauta da tulunsa, sa'an nan kowane magidanci ya shiga shi kaɗai da ƙwallon dabino guda, ya jefa inda ransa ya kwanta. Wanda tulunsa ya fi yawan ƙwallo shi ne sarki. In ya rasu kafin wa'adinsa ya cika, waziri ya ƙarasa abin da ya rage, ba ƙarin ko kwana ɗaya. In ya kyauta, ana iya maimaita shi sau ɗaya; amma bayan shekara goma sha huɗu, ko waliyyi ne sai ya sauka.

Saukar kuwa ba ta komawa gida a miƙe ƙafa ba ce. Sarkin da ya sauka yakan zauna kwana arba'in bisa tabarma a zauren alƙali, ba laima, ba dogari, duk wanda ya zalunta a zamaninsa ya zo ya yi ƙararsa kamar yadda ake ƙarar kowa.

Nomau ya yi bakwai ɗin farko an yaba masa, don ya haƙa rijiyoyi, ya kuma tsare hanyar fatake. A bakwai na biyu gadon sarauta ya yi masa daɗi, gonakin talakawa suka riƙa komawa hannun surukansa, masu yawan tambaya suka riƙa tsufa a gidan yari. Da ya rage wata uku wa'adi ya cika, tunanin tabarmar nan ya hana shi jin ɗanɗanon abinci. Wazirinsa Mantau, mutum mai gane ciwon ubangidansa kafin a faɗa masa, ya tara manyan gari, su arba'in har da shi, suka zube a fada suna roƙon sarki kada ya bar su marayu. Wani dattijo har da birgima, ga shi da ciwon baya.

Sai dai ba mai ikon kafa bukka ko hana ta sai Alƙalin Alƙalai, Malam Hambali, tsoho ɗan shekara saba'in, wanda ba a taɓa jin ya karɓi ko ɓarin goro daga mai ƙara ba, ya kuwa riga ya yi shela cewa ranar da wata na uku ya tsaya za a yi zaɓe. Sarki ya aika aka kira shi, ya ce, "Allah ya gafarta malam, wata mas'ala ce ta shige mini duhu. An ce jama'a ke naɗa sarki, ga jama'a sun ce in zauna. An ce a bi ƙa'ida, ga ƙa'ida ta ce in tashi. Waɗanda suka kafa ƙa'idar sun daɗe a kushewa, waɗanda suke roƙona kuwa ga su nan da ransu. Shin matattu zan bi, ko rayayyu? In ka warware mini, zan ba ka tukuicin da ba a taɓa ba wani malami ba. In ka kasa, to, rawaninka ya yi maka nauyi."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rayayyu za ka bi. Amma ka yi mini izini in tambaye su yadda kakanninsu suka ce a tambaye su."

Ya juya ga manyan nan arba'in ya ce duk wanda yake son sarki ya ci gaba da zama a gado, to, ya ɗaga hannu. Duk su arba'in suka ɗaga hannu, wasu ma biyu biyu. Ya sa aka kewaye lungun fada da zana, aka ajiye tulu biyu a ciki, fari na "zauna", baƙi na "sauka", ya ba kowa ƙwallon dabino, ya ce su shiga ɗai-ɗai. Da suka gama ya juye tulunan a gaban sarki. Farin tulu ya fitar da ƙwallo huɗu, baƙi ya fitar da talatin da shida.

Waziri Mantau ne ya fara rantsuwa cewa nasa yana cikin huɗun, na kusa da shi ya karɓa, kafin a ankara mutum arba'in sun rantse a kan ƙwallo huɗu.

Sarki ya ce, "Malam, ina son sunayensu."

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, tulu ba ya ba da shaida, don haka ne ma aka yi shi. Waɗannan da kake gani, abinka suke ci, dokinka suke hawa, ga abin da zukatansu suka ce da zana ta rufe su. Ina ga wanda aka ƙwace wa gona? A shekararka ta farko nakan ji mutum ya ce maka a'a a nan fada, ka yi dariya. Yau shekara biyar ke nan ban ji ba. Ba wai ka daina kuskure ba ne, mutane ne suka daina faɗa maka. Magabata ba don ƙin sarki nagari suka yanka wa'adi ba. Sun san cewa wanda ya daɗe a gado kunnensa yakan toshe, wanda kuma ya san wata rana zai zauna a tabarma yakan ji tausayin na kan tabarma. Rayayyu sun ce ka sauka, matattu ma haka suka ce, ba su saɓa ba."

Sarki ya kafe alƙali da ido har aka fara tausaya wa tsohon. Can sai ya yi murmushi, ya cire alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce, "Wallahi ba a taɓa gaya mini gaskiya irin ta yau ba, kuma alkawari na ɗauka. Na san abin da duk garin nan ya sani: shekara talatin kana raka ayarin mahajjata bakin ƙofa, kana komowa da hawaye saboda rashin guzuri. Ayari zai tashi jibi. Na ba ka raƙuma goma da guzurin zuwa da dawowa, iyalinka kuma suna wuyana."

A wancan zamani tafiya Makka ba ta kasa shekara huɗu ga wanda Allah ya nufa da dawowa, kuma in alƙali ba ya gari, sarki ke naɗa mai riƙe masa. Malam Hambali ya gane sarai. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, amma a yi mini jinkiri zuwa ayarin baɗi, in kafa bukka tukuna." Sarki ya ce, "Subhanallahi! Malam kamarka, a shekarunka, Allah ya kira ka ɗakinsa ka ce sai ka gama da tuluna? Wa ya ba ka tabbacin baɗi?" Malaman fada suka buɗe littattafai, suka kawo hujja a kan hujja cewa wanda ya sami iko ya jinkirta farilla ya yi wasa da lahirarsa.

Da ɗaure shi sarki ya yi, da ya jure, kuma da gari ya tashi. Da dukiya aka ba shi, da ya mayar. Amma an ba shi abin da ya kwashe shekara talatin yana roƙo a sujada, ga tsufa ya zo. Ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓa. Ban ce da ni ne zan fi shi ba, amma abin yana yi mini ciwo.

Ranar tafiya gari ya fito ana yaba karamcin sarki, maroƙa na kirari, ƙanen waziri kuwa an riga an naɗa shi riƙon alƙalanci, ya ce zai duba batun bukka in an sami natsuwa. A bakin ƙofa wata tsohuwa mai suna Tabawa ta kutsa cikin taro ta kama linzamin raƙumin alƙali. Ta ce, "Malam, ɗana Ɗanjuma ya tambayi dalilin da aka karɓe gonar ubansa, aka kai shi gidan yari, gawarsa aka miƙo mini. Shekara shida ina lallaɓa raina kada in mutu, don in ga Nomau a tabarma in tambaye shi. Saura wata uku, malam. Wata uku kacal."

Alƙali ya kawar da kansa gefe.

Ta saki linzamin ta ce, "Je ka, Allah ya kiyaye hanya. In ka isa ɗakin Allah ka shigar mini da ƙarata can, tunda zauren nan ka rufe shi ka tafi."

Malam Hambali ya rasu a hanyar dawowa, Nomau kuwa ya mutu a kan gadon sarauta bayan wasu shekara goma sha tara, ɗansa ya gaje shi, ba wanda ya shiga bukka.

Ku sani, ya ku masu hankali, azzalumi mara wayo shi ke kashe mai gaskiya, mai wayo karrama shi yake yi har ya kauce masa daga hanya. Adalci kuwa ba ya tabbata da kyakkyawar amsa a fada, sai da mutumin da zai tsaya a inda aka ba shi amana ranar da tsayuwar ta fi tafiya ɗaci.